Azurfar da wuta ke ƙara wa tauri: bayanin aikinmu a Jos

5 ga Nuwamba

Abin da muka sa a gaba shi ne fitar da siraran fallayen azurfa masu ɗan magnesiyam a ciki, mu gasa su a iska har su yi tauri, mu ga ko za su iya aikin sifirin a cikin ƙananan makunnan lantarki. Kamfanonin waje sun daɗe suna yin wannan gami, yawanci da magnesiyam wajen kashi 0.25 cikin ɗari na nauyi, da nikel wajen kashi 0.2. Tambayar malamina ita ce ko za mu iya yin sa a nan Jos da ƙaramin tanderun ɗakin gwaji da hannun maƙerin farfaru, maimakon zaman jiran injin da ba a san ranar zuwansa ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Baƙin ƙarfe a bayansa yake tsatsa. Azurfa kuwa, da zarar zafi ya wuce digiri 200 na Salshiyas, tsatsarta ba ta iya zama, wargajewa take yi. Sai oksijin ya rasa abin kamawa a waje, ya shige cikin ƙarfen yana kutsawa, kuma yana ratsa azurfa da saurin da ba ya yi a yawancin ƙarafa. Magnesiyam ɗin da ke warwatse a ciki kuma ba abin da yake so kamar oksijin. Duk inda suka yi kiciɓis sai su zama oksaid na magnesiyam, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya ganinsu. Su ne ke tokare azurfar daga ciki su hana ta lanƙwasa. Wannan ita ce tsatsar ciki. Azurfa tana narkewa a digiri 962, shi kuwa wannan oksaid sai a 2,852, don haka duk wutar da azurfar za ta iya jurewa ba ta narkar da ƙwayoyin.

A wajen mai aiki abin da hakan ke nufi ɗaya ne: duk surar da kake so ka ba ƙarfen, ka ba shi kafin gashi.

12 ga Nuwamba

Maganar azurfa. Baba, tsohon maƙerin farfaru da zai taya mu narki da bugu, ya fito da wata tsohuwar dala mai hoton Mariya Tareza, irin mai ɗauke da shekarar 1780, wadda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna narkawa su yi mundaye da zobba. A wurinsa ita ce azurfar ƙwarai. Na ce masa mu ba za ta yi mana ba, domin 833 cikin 1,000 ne azurfarta, sauran jan ƙarfe. Mai lamba 925 ma haka take, akwai jan ƙarfe 75 a ciki. Jan ƙarfe shi ma yana kama oksijin a cikin azurfa, in muka bar shi ba za mu san wanda ya kawo taurin ba. Mai lamba 999 muke nema.

"Kai yaro, azurfa tsantsa ai ba ta riƙe komai. Da yatsa zan lanƙwasa maka ita."

"Haka ne, Baba. Ita ɗin muke so."

Na tambaye shi ko yana ganin wani dishi-dishi mai launin toka da ke fitowa a jikin munduwa bayan ta sha wuta da yawa, wanda gogewa ba ta raba shi da ita sai an ci wurin da magagari. Ya ce tun yana yaron maƙera yake fama da shi. To wannan tabon tsatsar ciki ce: oksijin ya ratsa azurfar ya cim ma jan ƙarfen da ke ƙarƙashin fata, shi ya sa ba ya goguwa. Abin da maƙera ke gudu shi mu muke kira da gangan, sai dai da magnesiyam, wanda oksaid ɗinsa fari ne kuma ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

An samo azurfar daga Kano, 'yan ƙwalaye a leda.

21 ga Nuwamba

Narki ya fi komai wuya, kuma dalilan uku ne da suka haɗe kai. Narkakkiyar azurfa tana shan oksijin wajen ninki 20 na girmanta, in ta zo daskarewa ta tofar da shi, wanda duk maƙeri ya san wannan tsartuwar. In aka jefa magnesiyam a irin wannan ruwa, nan take zai ƙone tun ba a je ko'ina ba. Ga shi kuma ba shi da nauyi, giram 1.74 a kowace santimita kubik, azurfa kuwa 10.49, saboda haka tasowa yake yi ya kwanta a sama inda iska take. Sannan yana tafasa a wajen digiri 1,090, ruwan azurfarmu kuma yana kusan 1,000. Tazarar ba yawa.

Mun yi amfani da tukunyar girafait, muka lulluɓe azurfar da dakakken gawayi, muka bar ta ta jima a narke don gawayin ya zuƙe oksijin. Wani mai walda a Dilimi ya ba mu aron tukunyar gas ɗin argon, wanda ba ya haɗuwa da komai, muka riƙa hura shi a bakin tukunyar narkin don ya kore iska. Baba ya miƙa hannu zai barbaɗa boraks kamar yadda ya saba, na roƙe shi ya bari, domin magnesiyam yana ƙwace oksijin daga boraks, yana ƙwacewa daga yashin da ke jikin tukunyar yumɓu ma. Shi ya sa yumɓu bai shigo aikin ba.

Giram 100 na azurfa miligiram 250 kacal na magnesiyam yake bukata. Wannan ɗan abu in ka jefa shi kai tsaye, Allah kaɗai ya san nawa zai tsira. Sai muka fara yin uwar gami mai magnesiyam da yawa, muka auna ta kafin narki da bayansa, daga ita muka riƙa gutsurowa. An naɗe gutsuren a fallen azurfa, aka danna shi ƙasa da sandar girafait, aka juya, aka zuba ba ɓata lokaci. Bokitin busasshen yashi yana gefe. Ba a kashe wutar magnesiyam da ruwa, ƙara mata ƙarfi yake yi, kuma haskenta ba na kallo ba ne.

Nikel mun ajiye shi tukuna. Sai a digiri 1,455 yake narkewa, kuma ba ya son cuɗanya da azurfa.

28 ga Nuwamba

Bugu da murza. Curin yana da laushi, yana bin guduma yadda ake so. Idan ya gaji da bugu ya fara ƙin miƙewa, mukan binne shi a akwatin ƙarfe cike da gawayi, a rufe, a sa a tanderu. Don a ga bambanci, malamina ya ce a ware gutsure ɗaya a gasa shi a fili, irin yadda Baba ke tausasa azurfarsa. Da aka mayar da shi injin murza sai fatarsa ta tsattsage, cikinsa kuwa yana miƙewa lafiya lau. Mun tsaya a kauri uku: milimita 0.5, da 1, da 2.

9 ga Disamba

Sanyin hunturu ya sauka sosai, yau a teburi na wuni da lissafi.

Wannan fanni ba sabo ba ne. Frederick Rhines ya yi nazarinsa a gamin jan ƙarfe a Amurka a 1940. Meijering da Druyvesteyn, a ɗakin binciken kamfanin Philips a Holan, sun nuna a 1947 cewa ana iya taurara ƙarfe da shi. Carl Wagner na Jamus ya shimfiɗa lissafinsa a 1959, kuma da nasa nake aiki. Abin da lissafin ke cewa shi ne zurfin da oksijin ya kai, in ka ninka shi da kansa, yana tafiya daidai da lokaci. Wato in kana son zurfi ya ninka biyu, lokaci sai ya ninka huɗu. Dalilin a fili yake: kullum bakin aikin yana ƙara nisa da fata, kowane sabon oksijin sai ya ratsa duk inda na gabansa suka gama kafin ya tarar da magnesiyam ɗin da ba a taɓa ba. Yawan magnesiyam ma yana rage gudu, tunda akwai bakuna da yawa da za a ciyar a kowane taki.

Oksijin yana shiga ta fuska biyu, don haka a fallen milimita 0.5 tafiyar 0.25 ce kowane gefe. A digiri 700 cikin iska lissafi ya ba ni awa ɗaya da 'yan mintoci. Na milimita 1 zai ci ninki huɗu na wannan, na milimita 2 ninki 16, wato kusan kwana guda tanderu na ci. Wanda ya san halin wutar lantarkinmu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai abin da ya shafi Jos ita kanta. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, nauyin iska a nan kusan kashi 87 cikin ɗari ne na abin da ake samu a Legas. Oksijin da ke narkewa a azurfa ba ya bin nauyin iska kai tsaye, tushen murabba'insa yake bi, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi, kamar yadda dokar Sieverts ta nuna, domin kowane ƙulli na oksijin sai ya rabu biyu kafin ya shiga. Tushen 0.87 wajen 0.93 ne. Ke nan duk lokacin da aka rubuta don bakin teku sai mu ƙara masa kusan kashi 7 cikin ɗari, minti huɗu da ɗoriya a kowace awa. A siririn falle ba a ma lura, a mai kauri ya haura awa guda. Haka kuma in muka koma oksijin tsantsa na tukunya, wanda ya ninka na iska kusan sau biyar, saurin da za mu samu ninki biyu da ɗan kaɗan ne kawai. Na gaya wa malamina a ganina kuɗin gas ɗin bai cancanta ba sai a masu kauri. Ya ce in bari sai mun ga na iska.

Wagner ya yi wani gargaɗi kuma. Idan abin da aka zuba a azurfar ya yi yawa, oksaid ɗin yakan haɗe ya zama bango a waje ya toshe hanya, cikin ya zauna yadda yake. Robert Rapp ya gwada haka a gamin azurfa da indiyam a 1961, ya ga juyin yana zuwa idan oksaid ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari na girman ƙarfen. Namu kashi 0.25 na nauyi daidai yake da atam 1.1 cikin ɗari, oksaid ɗinsa bai fi kashi ɗaya da ɗan wani abu na girma ba. Muna nesa da wannan iyaka.

17 ga Disamba

Gashin farko, fallayen milimita 0.5, digiri 700, an bar ƙofar tanderu a ɗan buɗe don iska ta riƙa shiga. An jera su a tsaye a kan bulo don kowace fuska ta samu rabonta. Sun fito fari fat, ba baƙi ba ɓawo, in ba ƙyallin da ya ɗan dushe ba ba ka cewa an yi musu wani abu.

Sikeli ne ya fara ba da shaida. Kowane giram na magnesiyam yana ɗaukar giram 0.66 na oksijin, don haka falle mai giram 2 ya kamata ya ƙara wajen miligiram 3.3. Duk sun ƙara nauyi, sai dai ba su kai lissafi ba, alamar wani kaso na magnesiyam ya tafi a wurin narki kamar yadda muka zata. Amma ba na sakin jiki da sikeli shi kaɗai, domin masu bincike sun ruwaito cewa wannan gami yakan ɗauki oksijin fiye da kason atam ɗaya ga atam ɗaya, musamman in zafin gashi bai yi yawa ba. Rashi ta can da ƙari ta nan suna iya rufa wa juna asiri. Za mu kai gutsure Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke nan Jos mu nemi a auna mana ainihin magnesiyam ɗin da ya rage.

Da yamma na kai wa Baba biyu, gasasshe da wanda ba a gasa ba. Ya naɗe ɗanyen a yatsa. Ya kama gasasshen zai yi masa haka, ya ƙi, da ya saki sai ya koma yadda yake har da 'yar ƙara.

"Bugu ya sha. Kawo in sauke masa."

Ya sa yaronsa ya ja zuga-zugi, ya riƙe fallen da awartaki har ya yi ja, ya tsoma a ruwa. Ya gwada, yana nan yadda yake. Ya mayar, ya bar shi ya fi na farko jimawa. Bai sauka ba.

Taurin da maƙeri ya sani na bugu ne. Guduma tana hargitsa jerin atam, wuta ta ba su dama su sake jeruwa, ƙarfe ya yi laushi. A nan kuwa abin da ya tokare su ba ya motsi, kuma ba ya komawa cikin azurfar, tunda magnesiyam ba ya sakin oksijin da ya kama a irin wannan zafi. Shi ya sa masu makunnai ke son sa: sifirin da ke ɗaukar wuta yana ɗumi, na azurfar da aka taurara da bugu kuwa a hankali yake saki. Akwai ƙarin riba ma. Magnesiyam da ke narke a cikin azurfa yana rage mata kai wuta, da ya fita ya zama ƙwayoyi sai hanyar ta ƙara buɗewa.

Baba ya juya fallen ya ce, "To in aka yi kuskuren sura fa, ɗana?"

"Sai dai a narke a sake, Baba, magnesiyam ɗin kuma ya tafi ke nan."

Ya ce wannan ba ƙarfen mai gaggawa ba ne, ya jefa shi a aljihun gaba.

8 ga Janairu

An dawo daga hutu. Mun gasa fallayen milimita 2 na lokuta mabambanta, duk ba wanda aka bari ya kai ƙarshe, muka yanka su a tsakiya, muka dasa a roba, muka goge da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ruwan fito da zane, wanda ke ɗan cin fuskar ƙarfen don madubi ya ga tsarinsa, shi ne amoniya da haidurojin feroksaid. Hajiyar da ke kula da ɗakin gwaji ta tsaya a kaina har sai da na zubar da ragowar na ɗauraye kwanon, kuma tana da gaskiya: ruwan amoniya da azurfa ta narke a ciki in ya kwana yana iya haifar da abu mai fashewa.

A ƙarƙashin madubi abin ya fito kamar dankalin da aka ciro daga garwashi da wuri, gefe ya nuna, tsakiya ɗanye, ga layi a miƙe tsakaninsu. Ƙwayoyin kansu ba a ganinsu, bambancin yadda ruwan ya ci ɓangarorin biyu ne ke nuna iyakar. Na auna zurfin a kowane yanka, na ninka shi da kansa, na zana shi da lokaci. Ɗigon sun hau layi ɗaya ba laifi.

Na'urar auna tauri ta Vickers ta ƙara haske. Tsakiyar tana kusa da azurfa mai laushi, gefen ya ninka ta sau da yawa. Kuma taurin ya fi yawa dab da fata, yana raguwa in ana shiga ciki. A farkon tafiya oksijin yana da yawa, gudun yana da sauri, sai ƙwayoyi su fito da yawa ƙanana. Can ciki gudun ya ragu, magnesiyam yana samun lokacin tattaruwa, sai su fito kaɗan manya, manya kuma ba su tokarewa kamar ƙanana. Wannan wani dalili ne na tsayawa a siraran fallaye.

15 ga Janairu

An ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kafin a tayar da janareta tanderu ya huce sosai. Ban jefar da fallen ba, na ƙarasa shi na yanka. Akwai wani siririn layi a cikin ɓangaren da ya gasu, a daidai zurfin da lissafi ya ce aikin ya kai lokacin da wutar ta tafi. Rapp ya bayyana irin waɗannan layuka a nasa gamin. Daga yau duk gashi a kan janareta za a fara shi.

27 ga Janairu

Ga matsalar da ta fi damuna yanzu. Fallayen suna da tauri amma ba su da haƙuri. In aka lanƙwasa su sosai sai su ɓalle farat ɗaya, bakin karayar yana ƙyalli tsaba-tsaba. Madubi ya nuna tsabar ƙarfen, wato ƙananan yankunan da suka haɗu suka yi jikinsa, ta yi girma, karayar kuma kan iyakokinta take bi. Yayin da gefe ke gasuwa, tsakiyar da oksijin bai kai ba tana zaune a digiri 700 ba abin da ya riƙe ta, sai tsabarta ta yi ta haɗiye juna. Amfanin nikel ke nan. Da yake kusan ba ya narkewa a daskararriyar azurfa, yana zama 'yan ɗigo da ke dabaibaye iyakokin su hana su tafiya. Ba makawa sai mun sa shi.

Mun kuma gwada digiri 600 da 800. Na 800 ya gama da wuri, taurinsa bai kai ba. Na 600 ya fi tauri, ya fi jan lokaci, ya fi saurin karyewa. Ni dai ina ganin tsakanin 650 da 700 za mu zauna.

Wani abokin karatuna ya ce me ya sa ba mu yi da kuza ba, tunda a garinta muke. Tambaya ce mai kyau. Bakin manyan makunnai an daɗe ana yin sa da azurfa da oksaid na kadmiyam, ta wannan hanya ta tsatsar ciki, amma kadmiyam guba ne, shi ya sa ake komawa oksaid na kuza. Sai dai can ana zuba kaso mai yawa, kuma kuza in ta yi yawa tana son yin bangon nan na Wagner, har sai an haɗa mata da indiyam. Aikin wancan gami jure tartsatsi ne, namu sifirin. Na rubuta shi a gefe don gaba. Shi kansa gamin azurfa da magnesiyam yana da wani gida da ban zata ba: wayoyin da ke kai wuta ba tare da asara ba, na sinadarin bismut da Hiroshi Maeda ya gano a Jafan a 1988, a cikin kuben azurfa ake gasa su saboda oksijin yana ratsa ta, kuma akan sa wa kuben magnesiyam don ya yi ƙarfi.

6 ga Fabrairu

Sabon curi mai nikel ya fito, an murza shi zuwa milimita 0.5. Wannan karon an yanka fallayen, an huda su, an lanƙwasa su a kan ma'aunin da Baba ya sassaƙa, sannan za su shiga tanderu a kan bulo mai irin lanƙwasar don kada su saki kafin su kama.

Haɗa su da jikin makunni shi ne abin da muke muhawara a kai. Walda mai narkar da ƙarfe ba za ta yi ba, duk inda ya narke ƙwayoyin za su dunƙule taurin ya tafi. Harshen wuta mai haidurojin ma haɗari ne, domin haidurojin yana shiga ya tarar da oksijin da ya rage a azurfar, su zama tururi, fata ta yi bororo. Baba ya ce ƙusa, irin wadda ake dannewa ta baje kai. Malamina ya yarda.

Ƙanena mai gyaran rediyo yana haɗa mana 'yar na'ura da motar tsohuwar firinta, wadda za ta riƙa danna sifirin tana saki tana ƙirgawa. Za a ɗora uku gefe da gefe: mai nikel, marar nikel, da azurfa mai lamba 925 da aka taurara da bugu, a gwada su a sanyi, sannan a sake a cikin akwati mai ɗumi. Gashin masu nikel jibi ne, a digiri 675, in man janareta ya samu.